Lambun Buttes-Chaumont: daga ramin dutse da juji zuwa wurin shan iska

Buttes-Chaumont wani babban lambu ne na jama'a a arewa maso gabashin birnin Paris, a ƙasar Faransa. Faɗinsa ya kusa hekta 25. Sunan Chaumont yana nufin tudu mai sanƙo, domin a da itace ba ya tsira a kansa.

Yadda wurin yake a da

An daɗe ana haƙar wani farin dutse mai laushi a nan, ana gasa shi, a niƙa, a yi yaɓen ɗakuna. Haƙar ta bar manyan ramuka da koguna, kamar yadda ɗibar ƙasar gini take barin kududdufi a garuruwanmu. Wurin kuma ya zama juji: ana zuba shara da ƙazanta, ana feɗe mushen dawaki. Wari ya dami talakawan da ke zaune kewaye da shi.

Yadda aka gyara shi

An soma aikin a shekarar 1864, a zamanin Sarki Napoleon na 3, bisa jagorancin injiniya Adolphe Alphand. Ma'aikata kimanin 1000 suka yi shi. Ba a cike ramukan duka aka baje su ba. An yi amfani da surar da haƙa ta bari: ƙasan ramin ya zama tafki, dutsen da ya rage ya zama tsibiri a tsakiyarsa, wani tsohon kogo kuma aka sa ruwa yana kwarara a cikinsa.

Da yake ƙasar wurin ba ta da albarka, sai aka shimfiɗa ƴar hanyar jirgin ƙasa, aka yi ta jigilar ƙasa mai kyau, aka rufe tudun da ita kafin a dasa itatuwa. An buɗe lambun ranar 1 ga watan Afirilu, 1867.

Abin lura

Farin dutsen nan yana narkewa a hankali idan ruwa ya ratsa shi. Saboda haka ƙasar lambun takan zaftare, dole a riƙa gyara, wani lokaci ma a rufe wani sashe don kare rayukan mutane.

Duk garin da ke son mai da tsohon rami ko juji lambu, ya kamata ya fara bincika abin da ke binne a ƙasa, ya san inda ruwan damina zai bi, ya kuma tanadi kuɗin kula da wurin bayan an gama dashe.