Dalma da Batir: Tarihin Masu Gyaran Rediyo Tsakanin Anaca da Ƙasar Hausa

Marubuta tarihin sana'o'in Hausawa sun yi wa ƙira da saƙa da dukanci da rini adalci gwargwado. Kowace daga cikinsu tana da sarkinta da makaɗanta da kirarinta, kuma ɗa kan gada daga ubansa. Akwai kuwa wata sana'a wadda ba a gado, ba ta da sarki, ba ta da makaɗi, watau gyaran rediyo da dangoginsa. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a bi sawunta, a kuma nuna cewa ba a iya ba da labarinta daga Kano kaɗai, tilas sai an gangara har Anaca, garin da masu shi ke kira Onitsha.

Rediyon da ya fara shiga birnin Kano a 1944 ba abin taɓawa ba ne. Akwati ne da lasifika a ciki, an jawo masa waya daga tashar gwamnati, ba ya kama kowa sai abin da aka aiko masa. Masu hali ne kawai suka mallaki babban rediyo mai bawul, wanda sai ya yi zafi kafin ya yi magana. Abin da ya sauya al'amari shi ne tiransista, wadda aka ƙago a Amurka a 1947. Kafin ƙarshen shekarun 1950 kamfanonin Japan irin su Sony sun riga sun fara fitar da rediyon da mutum zai rataya a kafaɗa, ya ciyar da shi da batir. Daidai wannan zamani ne kuma aka sami abin saurare: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuwa sai a 1979.

To, ina Anaca ta shigo? Hausawa sun daɗe a ƙasar Ibo, wasu da farautar giwa suka fara zuwa, wasu da fatauci. Jirgin ƙasa ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, daga baya ya zarce Arewa, har ta kai wani Bafulatanin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Anaca ba ta da layin dogo. Kogin Kwara da manyan motoci su ne jijiyarta, musamman bayan an buɗe gada a 1965. Motar da ta sauke shanu ko albasa ko wake ba ta komawa wayam. Cikin abin da take ɗauka har da rediyo da batir da lasifika da kayan gyaransu, waɗanda 'yan kasuwar Ibo ke shigowa da su daga ƙetare, su kai har Sabon Garin Kano da na Zariya. Kasuwar Ochanja, wadda ta fi suna wajen takalma da tufafi, maƙwabciyar titin Iweka ce, titin da ya yi suna wajen kayan lantarki da kaset. Bahaushen da ke ɗaukar kaya ko kasa haja a wannan yanki, a tsakiyar wannan ciniki yake yini.

Ga baƙon da ke zaune a unguwar Hausawa, wadda Ibo kan kira Ama Awusa, rediyo ba kayan ƙawa ba ne. Shi ne igiyar da ta ɗaure shi da gida. A wancan zamani Rediyon Kaduna yana watsa shirye-shiryensa na Hausa a kan gajeren zango, mita 49, kuma sirrin gajeren zango shi ne muryar kan tashi sama ta bugi wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Shi ya sa mutumin Anaca kan ji gaisuwar Zaɓi Sonka kamar yana Tudun Wada, shi ya sa kuma muryar kan zo ta tafi, ta fi fitowa da asuba da dare. Wanda ke son ya ji sosai tilas ya koyi dabara. Ya ƙara wa eriya tsawo da waya, ya sagala ta a kan kwano ko reshen bishiya. Batir ya yi sanyi, ya shanya shi a rana don ya ƙara kwana ɗaya. Daga nan sai a kwance murfin baya don a ga abin da ke ciki, kuma wanda ya taɓa kwance murfin nan da wuya ya daina.

A ganina nan ne asalin sana'ar, watau ƙiriniya. Yaron da ya ƙera motar langa-langa ya ɗaura mata ƙwan tocila, shi ne gobe zai ciro ɗan injin tsohuwar rikoda ya yi fanka da shi, jibi kuma ya sha bulala don ya ɓalle rediyon mahaifinsa. In Allah Ya sa ya sami maigida, sai ya zauna a gefen teburinsa yana miƙa sukudireba da filaya. Inda babu lantarki, a kan risho ko garwashi ake gasa ƙarfen narka dalma. Babu littafi, babu zanen kamfani. Kunne da hanci da ɗan yatsa su ne ma'auni: a saurari irin shuwar da lasifika ke yi, a sunsuna inda ya ƙone, a taɓa inda ya yi zafi. Matattun rediyoyi da aka jibge a ƙarƙashin tebur su ne rumbun kayan gyara. Wannan halin ne ya kai wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ga harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har labarinsa ya zaga duniya a 2007.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke wannan hanya. Hausawa suka bar Gabas, Ibo suka bar Arewa, aka karya gada, babbar kasuwar Anaca ta zama kufai. Bayan yaƙi kowa ya koma inda abincinsa yake.

Zamanin da sana'ar ta fi bunƙasa shi ne bayan 1986, sa'ad da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira. Sabo ya gagari talaka, sai gwanjo, wanda mutanen Anaca ke kira Beljiyam. Kayan da Turai ta yar kuwa ba su aiki sai an taɓa su. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya riga ya cika gari da wa'azi da waƙa. Aka zo ga bidiyo. Mu ɗaliban adabi mukan kwatanta adabin kasuwar Anaca da na kasuwar Kano, mukan kuma ambaci Turmin Danya na 1990 da Living in Bondage na 1992 a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na sassan biyu. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, da titin Iweka da Ƙofar Wambai duk a kan injinan kwafe suka dogara, injinan da ke aiki dare da rana, kawunansu na cinyewa, bel ɗinsu na tsinkewa. Ba don mai dalma ba da babu fim ɗin da zai kai ɗakin amarya.

Wayar salula ta iso a 2001, ta kwashe yaran masu gyara zuwa kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Ita kuwa Ochanja, ranar 16 ga Oktoba 2019 wata tankar mai ta faɗi a Upper Iweka, man ya bi kwata, wuta ta bi shi har cikin kasuwa, aka yi hasarar rayuka da shaguna masu yawa.

Haɗarin da ke gaban sana'ar a yau ya fi gobara naci. Tsohon rediyo da kusoshi huɗu aka rufe shi, kamar mai cewa a buɗe. Wayar zamani da gam aka liƙe ta, batir ɗinta ma a manne yake, wasu kamfanoni kuma kan sa na'urar ta yi ƙorafi in an sa mata kayan da ba nasu ba. Yaro ba ya koyon kome daga abin da ba ya buɗuwa. Har a Turai abin ya dami jama'a, Tarayyar Turai ta kafa dokar 'yancin gyara a 2024. Masu teburin Farm Centre da na Anaca dai ba su jira doka ba: da na'urar hura iska mai zafi suke narka gam ɗin, su zura siririn ƙarfe su ɗaga murfin.