Motar Kara a Ajin Injiniya

Ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil yakan kammala karatu ya san ƙarfin ƙarfe da lissafin nauyi, amma da wuya a koya masa nazarin mutumin da zai riƙe abin da ya ƙera. A ganina ƙirar kayan wasan yara ce hanya mafi araha ta cike wannan giɓi, domin yaro bai san kawaici ba. Abin da bai yi masa ba, yar da shi zai yi nan take.

Masana halayyar yara sun share fagen. Jean Piaget ya nuna cewa tsakanin shekara 2 zuwa 7 wasan kwaikwayo ne ke jan hankalin yaro, daga 7 zuwa 11 kuma sai ya koma neman dalili. Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya kafa hujja da yaron da ke hawa sanda a matsayin doki, wato dokin karanmu. Sai dai yaran Janiba Piaget ya nazarta, don haka dole ɗalibinmu ya je ya ga namu da idonsa.

Ya je Kiru ko Doguwa bayan kaka. Zai tarar da ɗan shekara 9 yana feƙe sillen kara, yana soka shi a totuwa, yana yanko taya daga tsohon silifa. In motar ta karkace, ya ciro tayar ya rage mata gefe, ya sake turawa. Gwaji da gyara ke nan, ainihin aikin injiniya, kuma motar roba ta kasuwar Sabon Gari ba ta bar masa wannan aiki ba. Saboda haka abin da ya kamata ɗalibi ya ƙera wa ɗan wannan shekaru sassa ne da zai harhaɗa da kansa.

Na ƙasa da shekara 3 hukuncinsa daban. Ma'aunin Turai da Amurka ya hana ba shi duk abin da ke shigewa bututu mai faɗin milimita 31.7, gudun shaƙewa. Fenti mai dalma kuwa, bayan ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, bai kamata ya kusanci abin da yaro zai sa a baki ba.

A ware makonni daga zangon koyon aiki na SIWES, a tura ɗalibai firamaren Bebeji da Tudun Wada. Yaran da ke ganin ruwan madatsar Tiga yana bin magudanai zuwa gonaki, a ƙera musu 'yar ƙofar ruwa da za su buɗe su rufe. Rabin makin ɗalibi ya fito daga rahotonsa kan abin da yaran suka sauya a ƙirar.