Yayin Tufafin Mata a Mutum-mutumin Yumɓu na Daular Tang

A zamanin daular Tang, wadda ta mulki ƙasar Sin daga 618 zuwa 907, al'adar manyan gari ce a binne mamaci tare da abin da ake kira mingki, wato kayan da aka yi domin kabari kaɗai, kuma a cikinsu akwai ƙananan mutum-mutumin mata na yumɓu, waɗanda ake ganin za su yi wa mamacin hidima. Da yake siliki ruɓewa yake yi a ƙarƙashin ƙasa, yumɓun da ya sha wuta kuwa ba ya ruɓewa, ga shi kaburburan sukan zo da allon dutse mai ɗauke da shekarar binnewa, masana sun samu damar bin sawun yayin tufafi daki-daki.

Matan farkon daular sirara ne, suna sanye da 'yar riga mai matsattsen hannu da dogon siket da ake ɗaurawa a ƙirji, da gyale a kafaɗa. A zamanin Sarki Shuwanzong kuwa, daga 712 zuwa 756, sai ƙiba ta zama ita ce kyau, aka koma ƙera mata masu cikar kumatu da yalwatattun riguna har ƙasa, da tulin gashi, da takalman da bakinsu ya tanƙware sama. Akan jingina wannan sauyi ga Yang Guifei, matar da sarkin ya fi so, amma zancen yana da rauni, domin yayin ya riga ɗaukakarta bayyana. A kan tufafin maginan yumɓu sukan zuba sansai, wani shafi mai dalma da yake narkewa a wuta ya fito kore da ruwan zuma da fari, fuskar kuwa a bar ta ba shafi, domin a yi amfani da hannu a zana gira da jan baki da ɗigon ado a goshi.

Waɗanda suka fi jan hankali su ne mata a kan dawakai, cikin riga da wando irin na baƙin Asiya ta Tsakiya da fatauci ya kawo birnin Chang'an, wasu da malafa mai lulluɓi, wasu fuska a buɗe suna wasan ƙwallon doki. Sai dai shaidar tana da iyaka, tun da adon fada da gidajen masu hali ne ake kwaikwayo, ba na matan karkara ba.