Ɗalibin da ya faɗa tsakanin ofis da asibiti

Daga neman aiki fanninmu na ba ɗalibai shawara ya samo asali a Najeriya, kuma har yau wannan asalin bai sake shi ba. A 1959 wasu sistocin Katolika na kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin sana'o'in da za su iya shiga. Daga wannan zama aka samu majalisar ba da shawara kan sana'a, sannan a 1976 aka kafa ƙungiyarmu ta ƙasa, Farfesa Olu Makinde ya zama shugabanta na farko. Manufar ilimi ta 1977 ta ba aikin gurbi, musamman don tsarin 6-3-3-4 yana buƙatar wanda zai duba yaro ya ce wannan kimiyya ta dace da shi, wancan sana'ar hannu. Shi ya sa a tsangayar ilimi aka reni fannin, da aka buɗe ofisoshinsa a jami'o'i kuma akasari aka maƙala su a sashen harkokin ɗalibai, kusa da masu raba ɗakunan kwana.

Su kuwa likitocin ƙwaƙwalwa tasu hanyar daban suka bi. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro a Abeokuta a 1954, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da wani ɗan uwansa yana zuwa asibiti da rana. Wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a can, Raymond Prince, ya rubuta a 1960 game da ɗaliban da ke zuwa da ƙorafi iri ɗaya: kai yana zafi kamar an zuba barkono, wani abu na yawo ƙarƙashin fata, ido ya yi dishi-dishi, mutum ya karanta shafi sau da yawa bai fahimci komai ba. Ke nan tun shekarar samun 'yancin kai an san karatu na iya jigata ƙwaƙwalwar ɗalibi. Sai dai ilimin ya tsaya a asibiti, mu kuma muka tsaya kan zaɓen kwas da dabarun cin jarrabawa. Ɗalibar da ta daina barci, ta daina shiga aji, ciwonta ya fi ƙarfin horon da yawancinmu muka samu, bai kuma kai a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware ba, wuraren da ko sunansu iyaye ba sa son a ambata.

Akwai masu cewa ɗalibinmu yana da iyaye da malamai da addu'a, don haka buƙatar mai kula da damuwarsa a makaranta ta Turawa ce. Addu'a ba abokiyar gabar magani ba ce, Lambo ma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Amma yaron da ya bar Gashua ya je Zariya, iyayen nan sai a waya, kuma abin da zai faɗa musu shi ne lafiya lau. Wasu kuma sukan ce likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, ina za a samo na jami'a? Wannan gaskiya ce, ita ce ma dalilin da ya sa dole a horar da mai ba da shawara ya gane tsananin damuwa da shaye-shaye da alamar mai son halaka kansa, ya kuma san likitan da zai miƙa wa ɗalibi tun abin bai ta'azzara ba.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba za ta haɗa ofishinmu da asibiti ba. Shugabannin jami'o'i ne za su ɗaure ofishin shawara da asibitin makaranta, su ba shi ɗaki mai ƙofa da sirri, su kuma daina ɗora wa jami'ansa aikin kwamitin ladabtarwa, domin ɗalibi ba zai buɗe cikinsa ga wanda gobe zai zauna a kan shari'ar korarsa ba.