Gwarancin Yara a Matsayin Harshe: Duba Daga Dakoro

Nazarin Hausa ya yi nisa, amma bakin baligi ya fi saurara. Daga ƙamus na Bargery na 1934 zuwa nahawun Paul Newman na 2000, maganar manya ce abin awo. Jaririn da ke goye yana "ba-ba-ba", da ɗan shekara biyu mai cewa "luwa" idan ƙishi ya kama shi, ba a sa su a lissafi: gwaranci ne, ko tsamin baki, in sun girma za su bari. Matsayar wannan maƙala ita ce gwarancin nan yana da ƙa'idojinsa, kuma ya cancanci a bayyana shi yadda ake bayyana kowane harshe.

Hujjojin sun daɗe. A 1989 Bénédicte de Boysson-Bardies da abokan aikinta sun auna wasulan jarirai 'yan wata goma a Faris da Landan da Aljas da Hong Kong, suka ga kowane rukuni ya riga ya karkata ga wasulan harshen gidansu, alhali ba su fara furta kalma ba. Kafin nan, a 1984, Janet Werker da Richard Tees sun nuna jariri ɗan wata shida yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma wajen cikarsa shekara kunnensa ya tsuke a kan na gida. Har kurame ma ba a bar su a baya ba: Laura Petitto ta nuna a 1991 cewa jariran da aka rena da maganar hannu, da yatsu suke gwaranci.

To me ya sa Dakoro ta ƙasar Nijar? Domin a nan Bahaushe manomi da Bafulatani da Buzu makiyaya suke cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya a kwarin Tarka. Hausa tana da karin sauti, Fulatanci da Buzanci ba su da shi. Hausa da Fulatanci sun yi tarayya a ɓ da ɗ, amma ƙ da ts na Hausa ne. Yaron da ya tashi yana jin biyu ko uku daga cikinsu, wane sauti yake fara kamawa? Shin karin kalma da tsawon wasulanta yake riƙewa kafin baƙaƙenta, har ya raba "gari" na mazauni da "gari" na tuwo tun harshensa bai iya r ba? Amsar za ta amfani masu nazarin harsunan Afirka gaba ɗaya.

Sai kuma batun wanda ke yi wa yaro magana, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Yawancin binciken Turai an gina shi a kan uwa da ɗanta su biyu a ɗaki. A gidan Bahaushe kuwa, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kaka ce mai tsokanarsa da "maigida, ina cefanena?", sai goggo, sai 'yar raino mai shekara bakwai da ke yini da shi a baya tana maimaita masa duk abin da ya furta. In lokacin yaye ya zo, gidan kaka ake kai shi. Wanda ya ɗora na'urar ɗaukar murya a kan uwa kaɗai ya bar malaman yaron a tsakar gida.

Za a iya cewa harshe abu ne na al'umma, tsayayye, shi kuwa bakin yaro kowane wata da kamarsa. Gaskiya ne, amma sauyin ba na ganin dama ba ne. Yaron da ya ce "luwa" zai ce "lago" da "liga"; doka ɗaya ce ta ratsa kalmomin. Wanda ya ce "akuyoyi" maimakon "awaki" (wasu manyan ma haka suke faɗi) ya ciro tsarin ne daga "hanyoyi" da "tagogi", ba wanda ya karanta masa.

Akwai tarko ɗaya. Yaron Dakoro da ya ce "hwari" ko "ɗiya" daidai ya faɗa, karin iyayensa ke nan. Mai binciken da ya auna shi da Kananci zai rubuta kuskure inda babu. Rubutun boko ma ba ya nuna kari ko tsawon wasali, don haka littafi da biro ba su isa ba, sai an naɗi murya.

Rumbun CHILDES, wanda Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa a 1984, ya riga ya tanadi hanyar adana irin wannan aiki. Tunda a 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, malamin aji ɗaya yana bukatar sanin abin da yaro ya zo da shi daga gida. Muna kira ga ɗaliban harshe na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinsu na Maraɗi: ku nemi iznin iyaye a Dakoro da Kornaka, ku bi yaro ɗaya daga wata shida har bayan yaye, ku naɗi muryar kaka da ta 'yar raino tare da tasa.