Baro: Asali da Mazaunin Wani Garin Reluwe a Ƙasar Nufe

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin Baro, domin nuna yadda mazaunin gari kan ɗaukaka shi, ya kuma dusashe shi idan hanya ta sauya.

2.0 Mazauni

Baro na gaɓar kogin Kwara ne, a ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Kafin zuwan Turawa ƙauye ne na Nufawa masunta da manoma. Abin da ya jawo hankalin 'yan mulkin mallaka gare shi shi ne, jiragen ruwa na iya hawowa daga bakin teku har gaɓarsa, musamman lokacin cikar kogi.

3.0 Asalin Tashar

A shekarar 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan reluwe ne, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, tafiyar mil 350 da 'yan kai. Ta ruwa aka riƙa kawo kwangiri da injuna ana saukewa a Baro. Layin ya ratsa Katcha da Badeggi da Minna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Leburori kuwa, ta hannun sarakuna aka tattaro su, da yawansu bisa tilas. A irin wannan fagen aiki na al'ummomi mabambanta harsuna ne kalmomin aro kamar diga da lebura da tasha suka samu gindin zama a Hausa.

Sai dai ɗaukakar Baro ba ta daɗe ba. A 1912 layin Ikko ya haɗe da na Kano a Minna. Da aka kammala gadar Jebba a 1916, sai jirgin ƙasa ya riƙa kwasar gyaɗar Kano kai tsaye zuwa teku, ba tare da jiran cikar Kwara ba. Daga nan hanyar Baro ta koma reshe, har daga bisani aka daina bin ta.

4.0 Kammalawa

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. Tarihi dai ya nuna cewa haɗuwar ruwa da dogo ce ta raya garin tun farko. Saboda haka farfaɗowarsa na rataye ne ga sake haɗa gaɓar nan da hanyar da za ta kai kaya cikin ƙasa.