Birnin da Ya Tsallake Ganuwarsa

A shekarar 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Katsina, ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ke cikinta bai ga sun wuce 8,000 ba. Ya yi kirdadon cewa a zamanin da birnin yake ganiyarsa sun kai 100,000. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi, musamman tsakanin masarautar da Ummarun Dallaje ya kafa da Haɓen da suka koma Maraɗi, sun kori fatauci zuwa Kano, aka bar kangaye da gonaki a cikin ganuwa.

Ragowar mutanen sun dunƙule ne wuri guda, daga kewayen fada zuwa Gobarau da Gafai da Masanawa. Kasuwa da masallaci da makarantar allo da gidan surukai duk tafiyar ƙafa ce. Doki na sarauta ne da yaƙi, jaki na kaya, raƙumi na Azbinawa masu kawo gishiri. Lungunan ma a kan wannan ma'auni aka yanka su: in jaki da mangalarsa ya wuce, faɗin ya isa.

Zuwan Turawa bai rushe wannan tsari da wuri ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga baya wani reshensa ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, ya bar birnin Katsina a gefe. Sarki Muhammadu Dikko yana cikin sarakunan Arewa da suka fara rungumar mota, amma motar sarki abin kallo ce, ba abin hawan talaka ba. Abin da malamin makaranta da akawun En'e suka samu shi ne keke, kuma Raleigh ta daɗe tana zaman alamar rufin asiri. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ne suka ɗora ma'aikata da yawa a kan Honda da Vespa. Ko a lokacin, a ganina, rabin sayen buƙata ce, rabi kuwa ado.

Ranar 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Katsina daga Kaduna, birnin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka dawo gida da iyalansu, 'yan kwangila da 'yan kasuwa suka biyo sawu, matasan karkara suka biyo su duka. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Katsina mutum fiye da 318,000. Sai dai yawan kawai bai isa ya bayyana abin da ya faru ba. Inda aka zaunar da yawan shi ne maganar. Bakatsine ba ya son bene, yana son tsakar gida da zaure, saboda haka birnin ya bazu a kwance: ya fita ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, ya haɗiye Kwaɗo, ya doshi Batagarawa. Manyan makarantu kuma, har da jami'ar da ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka jera su a hanyar Dutsin-ma. Mutumin da kakansa bai taɓa yin tafiyar rabin sa'a zuwa wurin sana'a ba, ya wayi gari da kilomita goma tsakaninsa da ofis.

Wannan tazara ta zo daidai da tsadar da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya jawo, wanda ya nisanta sabuwar mota daga matsakaicin ma'aikaci. Motocin haya na gwamnati sun fi ƙarfi a zirga-zirga tsakanin garuruwa, bas kuwa ba ta shiga lungun da aka yanka don jaki. Babur yana shiga. Da baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, sai acaɓa ya zama sana'ar baƙon da ya shigo birni ba jari, ya kuma zama ƙafar wanda ba shi da abin hawa. Mata ne suka fi shan wahalar wannan zamani, domin hawa bayan namijin da ba muharrami ba abu ne da gidaje da yawa ba su lamunta ba. Asibiti da gidan suna sukan jira sai maigida ya dawo. Keke Napep, da ya yaɗu bayan shirin rage talauci na 2001, ya buɗe musu hanyar da babu wani mai tsara birni da ya zana.

Guguwa ta baya-bayan nan ta tsoro ce. Mutanen Batsari da Safana da Jibiya da 'yan bindiga suka tasa sun cika unguwannin gefen gari, inda haya ta fi sauƙi, tazara kuwa ta fi tsawo. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta taƙaita hawan babur da dare saboda tsaro, wato abin hawan da ɗan gudun hijira ke neman abinci da shi ya zama abin zargi. An haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a Ƙofar Ƙaura don rage cunkoso, sannan a Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. Daga nan aka fara ganin ma'aikata sun jingine motoci sun koma babur, ɗalibai kuma suna takawa a gefen hanyar Dutsin-ma da tsakar rana, suna ɗaga wa duk mai wucewa hannu.